Idan Aikin Hukuma Ya Biyo Ta Gonar Gado

A ƙauyukan gundumar Madarunfa, in aka ga baƙi sun sauko daga mota da na'urar awo suna kafa turaku masu jan fenti a tsakiyar hatsi, maganar da ake fara ji daga bakin dattawa ita ce, "To, ai ƙasa ta gwamnati ce." Ana faɗinta da muryar wanda ya riga ya sallama. A dokar Nijar kuwa ba haka abin yake ba. Gonar da mutum ya gada wurin ubansa tasa ce, ko da bai taɓa riƙe takarda a kanta ba. Hukuma na da ikon karɓe ta idan aikin jama'a ya biyo ta kanta, wannan babu jayayya, amma sai ta biya, biyan ya zama na adalci, kuma kuɗin su riga katafila isowa.

Inda maganar dattawan ta fi kusa da gaskiya shi ne hayin iyaka. A Najeriya, dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, mutum kuma haƙƙin zama da amfani yake da shi. In aka soke wannan haƙƙi don amfanin jama'a, abin da ake yi wa kuɗi shi ne abin da ke bisa ƙasar: gini, shuka, itatuwa, rijiya. Ita ƙasar kanta ba a sa mata farashi. Mutumin Ɗan Isa da na Jibiya kasuwa ɗaya suke ci, suna auratayya, suna sauraren rediyo ɗaya, don haka ba abin mamaki ba ne fahimtar can ta ƙetaro nan. Sai dai kuskure ne mai tsada. Wanda ya yarda gonarsa ba tasa ba ce, duk abin da aka miƙo masa zai ɗauke shi a matsayin kyauta, ya yi godiya, ya sa hannu.

Batun ba na nesa ba ne ga Madarunfa. A watan Fabrairun 2021 shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu. Layin ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, kuma daga Jibiya babu ta inda zai isa Maraɗi sai ya ratsa gonakin wannan gunduma. Bututun mai na Agadem zuwa Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya riga ya ratsa jihar Maraɗi. Ga hanyoyin mota, ga turakun lantarki, ga makarantu da asibitoci, ga shi kuma birnin Maraɗi kansa yana ta cin gonakin Jiratawa da Safo daga gefe. Duk wannan a wurin da ƙidayar 2012 ta samu mutane sama da dubu 400, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi cinkoso a karkarar Nijar, inda saura ta ƙare tun tuni, gonar kaka guda ta rabu kashi goma.

Tsoron da talaka ke yi wa turakun awo yana da asali. Dokar Faransa ta 1935 ta ce duk ƙasar da babu kowa a kanta kuma ba ta da mai ita ta hukuma ce, alhali dajin da Bature ya gani babu kowa makiyaya ce ta wani, wurin farautar wani, saurar da wani ya bari ta huta. Da wannan ido aka keɓe dazuzzukan Madarunfa da Gabi da Kandamau aka ce na gwamnati ne. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 aka ɗauke garin Maraɗi daga kwari aka mai da shi bisa tudu, aka yanka shi layi-layi. Da aka samu mulkin kai, gwamnatin Diori Hamani ta yi dokoki biyu a 1961, ɗaya kan tabbatar da haƙƙin gargajiya a kan ƙasa, ɗaya kan karɓe dukiya don amfanin jama'a. Sannan a Disamban 1974 Shugaba Seyni Kunce ya yi shelar cewa duk wanda ke noman gona ta zauna a hannunsa, ko ta wace hanya ya same ta. Niyyar ta kare mai aro ce, amma abin da mutane suka koya daga shelar shi ne mai mulki na iya sauya mai gona da jawabi guda a rediyo. Sai a ranar 2 ga Maris 1993 dokar da ta kafa tsarin ƙasar karkara, wadda aka fi sani da Kod Rural, ta faɗa a fili cewa haƙƙin da aka samu ta al'ada da wanda aka samu ta takarda kariya ɗaya doka ke ba su. A kan wannan jimla duk sauran maganar ta tsaya.

Dokar karɓe ƙasa da ake aiki da ita har yau ita ce mai lamba 61-37 ta 24 ga Nuwamba 1961, wadda aka yi wa babban gyara da doka mai lamba 2008-37 ta 10 ga Yuli 2008, aka kuma fayyace yadda za a zartar da ita a ƙudurin gwamnati na 12 ga Agusta 2009. Kundin tsarin mulkin 2010, a aya ta 28, ya ɗora sharaɗin diyya ta adalci wadda ake biya tun kafin a karɓa. An jingine kundin bayan juyin mulkin Yulin 2023, amma sharaɗin na nan daram a cikin ita dokar 1961 ɗin, tun a ayarta ta farko.

Gyaran 2008 ya zo ne lokacin da ake shirin madatsar ruwa ta Kandaji, kuma duk wanda ya karanta shi zai ga hannun masu ba da bashi irin su Bankin Duniya a ciki. Ya ce a tuntuɓi waɗanda abin ya shafa a kowane mataki. Ya ce a biya kowa ba tare da duban ƙabila, addini, jam'iyya, ƙasar asali, ko mace ce ko namiji ba. Ya ce a biya kuɗin da zai isa a maye abin da aka rasa, kada a rage wai don ɗakin ya tsufa. Amfanin gona a yi masa kuɗi da farashin lokacin da hatsi ya fi tsada, wato tsakiyar damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba. Itace a duba irinsa da abin da yake bayarwa. Makiyayi da masunci ma an ambace su, a lissafa abin da za su rasa in makiyaya ko ruwa ya tafi. A takarda dai, ƙasashe da yawa da suka fi Nijar arziki ba su kai nan ba.

Hanyar da doka ta shata ba ta da wuyar ganewa. Gwamnati ta fitar da ƙudurin cewa aiki kaza na amfanin jama'a ne. A naɗa mai bincike, a yi shela, a buɗe rajista na wani wa'adi ƙayyadadde inda duk mai haƙƙi zai zo ya faɗi nasa, a ƙidaya mutane da dukiyoyi. Daga nan a fitar da jerin filayen da za a karɓa da sunayen masu su. Sai kwamitin sulhu ya zauna a ƙarƙashin perefe, wato shugaban gunduma, da magajin gari, da sarki, da wakilin hukumar filaye ta Kofo, da ma'aikatan gwamnati, a nemi daidaitawa a kan kuɗi. Wanda bai yarda ba, a kai maganarsa gaban alƙalin da aka keɓe don wannan aiki a babbar kotu, shi ne zai yanka diyya, shi ne kuma zai ba da umarnin sauya mallaka. Sai an biya, ko an ajiye kuɗin a baitulmali da sunan mai su, sannan hukuma ta shiga filin.

Mutane sukan ajiye ƙarfinsu don ranar kuɗi, su taru a ofishin perefe ana ta cacar baki a kan jika nawa. A ganina an makara. Maganar tana ƙarewa ne tun ranar ƙidaya, ranar da wani saurayi mai riƙe da takarda da na'urar awo ya tsaya a bakin gona ya ce, "Baba, gonar wa ce wannan?" Ranar rufe ƙidayar ita ce iyaka a doka: wanda bai shiga jerin ba kafin ta, ko ya dasa wani abu bayanta, ba shi da rabo.

A ɗauki gona guda a wajen Gabi, irin wadda kowa ya sani. Tambayar saurayin amsa ɗaya take nema, suna ɗaya, lambar katin ɗan ƙasa ɗaya. Maigida ya ba da sunansa, kuma bai yi ƙarya ba, shi ke riƙe da gandu tun rasuwar mahaifinsu. Amma gadon ba a raba ba. Ƙanensa biyu suna da haƙƙi, ɗaya yana cin rani a Legas, ɗaya yana Agadas. Ƴan'uwansu mata uku suna gidajen aure, rabonsu na shari'a yana cikin gonar nan ko da ba su taɓa buɗe baki sun nema ba, don kunya da gudun a ce sun raba zumunci. Daga gabas akwai gamanar uwargida, inda take zuba gujiya da riɗi da yakuwa, da su take yi wa ɗiyarta kayan ɗaki. Kusurwar kudu tana hannun wani maƙwabci jingina, shekara da shekaru, kuɗinsa ba a mayar ba. Akwai gawo biyar da ba wanda ya dasa su, tsiro ne aka bari aka yi ta sassabe ana gyara su tun shekarun 1980, lokacin da manoman jihar Maraɗi suka koma rainon kututture a gonakinsu. Ganyensu na taki, ƴaƴansu na awaki, rassansu na murhu. Bayan girbi kuma wani Bafillace na zuwa ya sauka da shanunsa, ya ci kara ya bar taki, yarjejeniyar da ta girmi duk waɗanda ke wurin.

Gona guda, baki ya fi goma. Fom ɗin ƙidaya layi ɗaya ya bari. In aka rubuta maigida kaɗai, kuɗin hannunsa za su shiga, kuma daga nan abin da kowa zai samu ya koma ga tsoron Allah na mutum guda. Wani zai raba daidai. Wani zai ƙara aure ya sayi babur, ƙane ya dawo daga Legas ya tarar babu gona babu kuɗi.

Mata su ne suka fi faɗuwa ta wannan rami. Marthe Diarra Doka da Marie Monimart, a binciken da suka yi a kudancin jihar Maraɗi a farkon shekarun 2000, sun nuna yadda ƙarancin ƙasa ke fitar da mata daga noma, har a Jiratawa ana hana matan aure zuwa gona da sunan kulle alhali asalin dalilin shi ne babu gamanar da za a ba su. Gamana aro ce daga miji, ba ta da takarda, ba ta da shaida in ban da kowa ya san ta. Dokar 2008 ta hana nuna bambanci, amma doka ba ta iya biyan wadda ba a rubuta ba. In mai ƙidaya bai tambaya ba, uwargida ba za ta fito gaban baƙi maza ta ce, "Malam, wancan gefen nawa ne" ba. Abu ne mai sauƙi a sa mace cikin masu ƙidaya, a kuma buɗe layi daban na mai mallaka da na mai nomawa. Ayyukan da Bankin Duniya ke ba kuɗi sukan yi haka, domin ƙa'idarsa ta biyar kan karɓar ƙasa, wadda ta fara aiki a 2018, ta tilasta a taimaki har wanda ba shi da wata hujjar mallaka. Abin takaicin shi ne darajar haƙƙin mutum ta koma dogara ga wanda ya biya kuɗin aikin. Hanya biyu a komin guda, wato ƙaramar hukuma ɗaya, ɗaya da kuɗin waje ɗaya da kuɗin baitulmali, sai ka ga an yi wa maƙwabta biyu awo da mudu daban.

Makiyaya nasu ya fi rikitarwa. Burtali da makiyaya da mashaya, a dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, dukiyar al'umma ce da ke hannun hukuma, ba mai iya sayar da su ko mallake su. Wannan kariya ce daga manomi mai cin iyaka, amma in hukumar ce da kanta ke son wurin, sai a ce ai babu wanda za a biya tunda ba na kowa ba ne. Dokar ta amince da haƙƙin fifiko na makiyayi a mazauninsa na asali, ta kuma ce ba a raba shi da wannan haƙƙi sai da diyya. Layin dogo ko babbar hanya da ta yanke burtalin da ke gangarawa dajin Baban Rafi ba ta ci gonar kowa a wurin ba, amma in ba a bar mashigar dabbobi ba, garken zai bi ta cikin hatsin wani, kuma kowa a jihar nan ya san inda irin wannan ke kaiwa tun rikicin manoma da makiyaya na Toda a 1991.

Sai maganar farashi. Ma'aikata sun fi son jadawali, don shi ne ba ya jawo musu tuhuma. Shekaru da yawa ana jingina da jadawalin farashin filayen gwamnati na dokar Nuwamban 1999, wanda asalinsa an yi shi ne don hukuma ta san nawa za ta sayar da nata filin. Ko an sabunta lambobin, ba su bin kasuwa. Fadamar bakin Gulbin Maraɗi ko ta gefen tabkin Madarunfa, inda ake noman rani, a ɗebi tumatir da albasa da rogo bayan an girbe dawa, ba a haɗa ta da jigawar da ke ba da hatsi sau ɗaya a shekara in sama ta yarda. Gonar da ke bakin kwalta kusa da Maraɗi kuwa ƴan kasuwar birni sun riga sun ɗaga kuɗinta sama da abin da noma zai iya biya. Mai gona na da damar ya ƙi tayin kwamiti, ya kawo shaidar cinikin da aka yi a kusa da shi kwanan nan, ya nemi alƙali ya sa masani ya kimanta. Kaɗan ne ke yi. Zama gaban perefe da sarki ka ce "ban yarda ba" ba ƙaramin abu ba ne ga talaka, balle in sarkin ya riga ya ce, "Ku yi haƙuri, ci gaban garinmu ne." A nan sarauta ke da aiki babba: sarkin da ya zauna a kwamitin a matsayin bakin talakawansa daban yake da wanda ya zauna a matsayin mai lallashinsu.

Ko da an biya farashin kasuwa cif, akwai abin da ya rage. Kuɗi na maye gona ne in akwai wata gonar sayarwa. A Madarunfa wa zai sayar? In aiki guda ya tashi gidaje ɗari a lokaci guda, duka suka fita neman gona da kuɗi a aljihu, farashin ƴar wadda ta rage sai ya haura, diyyar hekta guda ta koma sayen rabi. Ga shi kuma mutumin da bai taɓa riƙe miliyan ba an danƙa masa ita a tsakiyar dangi masu bukata, da bashi, da biki, da rashin lafiya. Ba wauta ba ce in kuɗin suka narke cikin shekara biyu. Gona kan ciyar kowace shekara har jikoki, kuɗi kuwa sau ɗaya ake kashe su. Shi ya sa dokar ta fi son a biya manomi ƙasa da ƙasa in da hali.

To amma ƙasa da ƙasa ma tana da nata tarko, kuma ba sai an je nesa ba. A farkon shekarun 1980 aka gina filin noman rani na Jiratawa, sama da hekta 500, da rijiyoyin burtsatse masu aiki da lantarki, a ƙarƙashin kulawar hukumar noman rani ta ONAHA. Dokar 25 ga Mayu 1960 ta ce duk ƙasar da hukuma ta gyara da kuɗinta ta zama ta hukuma, masu ita na da a ba su fifiko wajen rabo. Wanda ya shiga da gonar gado sai ya fito da ɗan fili da bai kai rabin hekta ba. Filin na ba da amfani fiye da na da, babu musu, zogalen Jiratawa ya yi suna har Yamai. Amma matsayin mutumin ya sauya. Da shi mai gona ne, yanzu mai riƙo ne: yana biyan kuɗin ruwa ga ƙungiya kowane zango, in ya kasa ana iya karɓe filin, kuma a ƙa'ida ba nasa ba ne balle ya sayar. An ba shi amfani, an karɓi mallaka, ba a kuma lissafa wannan a matsayin asara ba.

A Kandaji, cikin jihar Tilaberi, wannan tambaya ta fito fili. An riga an tashi rukunin farko na mutane, dubbai da yawa kuma na jiran rukuni na biyu, har da na garin Ayoru. Da aka ce za a biya su da filaye a cikin sabon wurin noman rani, sai aka tarar doka ba ta yarda a mallaka wa mutum filin da hukuma ta gyara ba. Mafitar da aka samo ita ce haya ta dogon zamani, wadda ake gada, ake iya ba wani haya ko a jinginar, don ta yi kusa da abin da mutum ya rasa. Ba ta kai mallaka ba, amma ta nuna an gane cewa hekta da hekta ba su zama ɗaya sai haƙƙin da ke kansu ya zama ɗaya. Duk wani sabon aikin noman rani a kwarin Gulbi ya kamata ya fara daga nan. Abin da ke faruwa in aka yi kunnen ƙashi kuwa an gan shi a Bakolori, kusa da Talatar Mafara a Najeriya, a watan Afrilun 1980, lokacin da manoman da suka tare hanyoyin aikin madatsa suna neman diyyar gonakinsu suka gamu da ƴan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na mamata, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: shi amfanin jama'ar, wa ke tantance shi? Asibiti, makaranta, hanya, babu mai gardama. Amma mafi yawan gonakin da suka salwanta a kewayen Maraɗi da Yamai yankan filayen gidaje ne ya cinye su, lotisma kamar yadda ake cewa. Ma'aikatar magajin gari ta yanka gonaki, ta ba mai gona wani kaso na filayen a matsayin diyya, ta sayar da sauran ta yi kasafin kuɗinta. A farkon shekarun 2000 har bashin albashin ma'aikata gwamnati ta biya da filaye. Manomi ya ga gonarsa ta koma gidajen masu hali, wanda ya saya ya sake sayarwa ninki biyar, shi kuma an ce masa amfanin jama'a ne. Rikicin dajin da aka kewaye Yamai da shi tun 1965, inda masu gonakin asali suka shafe shekaru suna cewa ba a taɓa biyan su ba, ya isa ya nuna cewa karɓar da ba a kammala ta bisa ƙa'ida ba ba ta mutuwa, jikoki ne ke tashi da ita.

Malamai suna da abin faɗa a nan, kuma ya fi abin da ake ji a wa'azi tsauri. Sayyidina Umar, da zai faɗaɗa Masallacin Harami, ya sayi gidajen da ke kewaye, waɗanda suka ƙi sayarwa aka rushe nasu aka ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka karɓa. Sayyidina Usman ma ya yi haka. A kan wannan Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta karɓe dukiya don maslahar jama'a da sharuɗɗa: diyya ta adalci nan take wadda ba ta gaza farashin kasuwa ba, shugaba ko wakilinsa ne zai karɓa, bukatar ta zama ta gaske, kuma kada a juya abin da aka karɓa zuwa neman riba, na hukuma ko na wani mutum. Ta ƙara da cewa in aka fasa aikin, mai wurin ko magadansa su suka fi cancanta a mayar musu. Da za a auna yawancin lotisma da wannan sharaɗi na huɗu, da wuya su tsallake.

Sharaɗin da aka fi takewa shi ne na "kafin". Ɗan kwangila na da wa'adi, injinansa haya ne, baitulmali kuma ba ta da kuɗi a hannu. Sai a ce a bari aiki ya fara, diyya na tafe. Daga ranar da katafila ta shiga, mai gona ya rasa abu ɗaya tak da yake riƙe da shi, wato gonar. Ya koma mai bin bashi, mai zirga-zirga tsakanin Madarunfa da Maraɗi da kuɗin mota daga aljihunsa, damina na wucewa, kuɗin da aka yanka masa suna rage daraja. Doka ta ba shi damar ya ce ba a shiga sai an biya, kuma faɗin haka ba tawaye ba ne. Ya fi sauƙi in masu gonakin da abin ya shafa sun haɗa kai sun naɗa wakilai, sun nemi a ba su kwafin jerin sunaye da awon kowa, a kuma karanta musu takardar yarjejeniya da Hausa kafin a dangwala yatsa, tunda da Faransanci ake rubuta ta.

Abin da mai gona zai iya yi tun babu labarin wani aiki shi ne takarda. Kod Rural ta kafa hukumomin Kofo a mataki uku, na gari a ƙarƙashin mai gari, na komin, da na gunduma. Kofon gari na ba da takardar shaidar riƙon gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina, a gaban shaidu da maƙwabtan iyaka, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da zuwa kotu. Rashinta ba ya soke mallaka, amma samunta na rage gardama ranar ƙidaya, kuma takardar aro ko ta jingina ita ce kaɗai abin da zai sa a ga mai nomawa a bayan mai mallaka. Matsalar ita ce Kofo da yawa suna nan da suna kawai, babu rajista, babu fom, babu kuɗin zagayawa, abin da manufar ƙasa kan filayen karkara da gwamnati ta amince da ita a 2021 ta yi alkawarin gyarawa.

Mafi wuya shi ne gadon da ba a raba ba. Gidaje da yawa suna barinsa haka da gangan, don raba gandu kamar raba gida ne, kuma in aka raba, abin da kowa zai samu bai isa noma ba. Ba dole sai an yanka gonar ba. Ana iya zama a gaban malami da mai gari a rubuta magada duka, maza da mata, na gida da na tafiya, da rabon kowa, a naɗa wanda zai yi magana da yawunsu, gonar ta ci gaba da zama guda. Kwamitin sulhu ba ya raba gado, alƙalin karɓe ƙasa ma ba aikinsa ba ne. In ranar biya ta zo aka tarar magada na jayayya a kan wa ke da me, abin da doka ta tanada shi ne a ajiye kuɗin a baitulmali har sai wata kotun ta raba gardamar, hukuma kuma ta shiga filin ta ci gaba da aikinta.